Wa Ya Ruɗi Wa? Aikatau Ɗaya na Ingilishi a Ma'aunin Adabin Hausa

Akwai kalmomin da ƙamus kan sallama da layi ɗaya, akwai kuma waɗanda ko shafi guda aka ba su ba a gama biyan su haƙƙinsu ba. Aikatau ɗin nan na Ingilishi, confound, yana cikin kashi na biyu. Ɗalibin adabi a wata sakandare ta Rano ko Kibiya, idan ya gamu da shi a wasan kwaikwayon Shekspiya, zai buɗe ƙamus ya ga "ruɗa" ko "rikita", ya rubuta a gefen shafi, ya wuce. Abin da ya rubuta daidai ne, sai dai kashi ɗaya ya ɗauka cikin biyar, domin kalmar tana nufin haɗa abu biyu a ɗauke su ɗaya, tana nufin ɗaure wa mutum kai, tana nufin karya abokin gaba, tana nufin ƙaryata zaton mai zato har ya ji kunya, sannan tana zama tsinuwa mai sauƙi a bakin wanda ransa ya ɓaci.

Hujjar da wannan nazari ke son kafawa ita ce: ma'anonin da Ingilishi ya tara a kalma guda, Hausa ta rarraba su a kan aikatau daban-daban da sigogi daban-daban, kuma ma'aunin da take rabon da shi shi ne alhaki. Wa ya aikata? Wa aka aikata wa? Da gangan ne ko tsautsayi? A kan wannan rabo manyan ayyukan adabinmu suka gina hukuncinsu. Rubutunmu na yau kuwa yana ta narkar da duk waɗannan cikin suna ɗaya, "ruɗani", sunan da ke faɗar abin da ya faru ya kuma ɓoye wanda ya yi shi.

Daga tukunya aka faro

Asalin confound daga Latin ne, confundere, ma'ana zuba abubuwa masu ruwa-ruwa wuri guda har su gauraya. Ta hanyar tsohon Faransanci ta shiga Ingilishi, kuma 'yar'uwarta confuse daga wannan tushe ta fito. Wato kafin kalmar ta hau kan tunanin ɗan Adam, a bakin tulu da ƙwarya take.

Abin sha'awa, nan ma Hausa ta faro. Kowace mai tuƙa tuwo ta san ruɗe: garin da ake damawa a zuba cikin tafasasshen ruwa, a juya, a bar shi ya dahu kafin a zo tuƙi. Daga wannan juyi muka sami mutumin da ya ruɗe, da cikin da ya ruɗe, da garin da ya ruɗe. Haka "dama" take: ana dama fura, ana dama kunu, sai kuma magana ta dami mutum, ya damu, ya shiga damuwa. Haka "dagula": ana dagula ruwan tafki har laka ta taso, sannan al'amari ya dagule, lissafi ya dagule. Harsuna biyu da ke nesa da juna sun dubi zuciyar da ta rasa natsuwa, suka ga ruwan da aka motsa.

Mutumin Rano ba baƙo ba ne ga wannan hoto. A labarin Bayajida, inda aka raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Kano da Rano su ne Sarakunan Baba, wato masu rini. Marini ya san cewa ramin marina ba ya ba da shuɗi sai an haɗa baba da toka da ruwa, an motsa, an jira. Ya kuma san cewa ramin da aka motsa ba bisa ƙa'ida ba ɓaci yake yi. Darasin da ke cikin tukunya da marina guda ne: gaurayawa ba ta yin kanta. Duk inda aka ga ruɗe akwai muciya, duk inda aka ga muciya akwai hannun da ke riƙe da ita. Wannan hannu shi ne abin da Hausa ba ta yarda ya ɓace mata ba.

Ma'anoni biyar, gidaje biyar

Ma'ana ta farko ita ce kasa bambance abu biyu. Wasan Shekspiya da Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa da sunan Daren Sha Biyu a kan wannan ya tsayu: tagwaye biyu, mace da namiji, macen ta yi shigar maza, mutane suna ɗaukar wannan a matsayin wancan. Bahaushe ba zai ce an ruɗi kowa a nan ba sai inda aka yi niyya. Zai ce kama ce ta rikita su, ya ƙara da cewa kama da wane ba ta wane ba ce. Masu binciken kimiyya na yau ma sun ari kalmar a wannan ma'ana, don sababi biyu da suka cakuɗe har aka kasa gane wanne ya yi aiki. Manomin Kibiya da ya sauya iri a shekarar da damina ta yi albarka, in rumbunsa ya cika, ba zai iya rantsewa ko irin ne ko ruwan ba. Sababan sun cakuɗe, kuma "cakuɗa" ita ce kalmar.

Ma'ana ta biyu ita ce ta ƙamus, ɗaure kai. A nan Hausa ta fi Ingilishi yawan matakai. Abin da ya ɗaure wa mutum kai yana iya zama yana murmushi a kansa, kamar yaro a dandalin kacici-kacici. Wanda ya rikice ya rasa jerin tunaninsa. Wanda ya kiɗime tsoro ne ya shige shi. Wanda ya gigice bugu ya sha, na labari ko na sanda. Wanda ya ɗimauce ya kusa fita hayyacinsa. Wanda ya yi makuwa kuma gabas ce ta koma masa yamma, kuma shi ne daidai da wata kalmar Ingilishi, bewilder, wadda asalinta ɓacewa a daji ne. Marubucin da ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan ya riga ya gaya mana nauyin abin da ya sami tauraronsa.

Ma'ana ta uku ita ce wadda ɗalibi ya fi tuntuɓe da ita, domin ba ta da alaƙa da tunani: rushewa da halakarwa. A wasan Macbeth kalmar ta zo fiye da sau ɗaya da wannan nufi. Baiti na biyu na taken ƙasar Birtaniya, wanda ba a cika rerawa ba, da ita yake roƙon a wargaza dabarun maƙiya. Fassarar Baibul ta Sarki Jemis, ta shekarar 1611, da ita ta ba da labarin hasumiyar Babila a sura ta 11 ta Littafin Farawa, inda ma'anoni uku suka haɗu a aiki ɗaya: an gauraya harshen magina, sun kasa fahimtar juna, gini ya tsaya sun watse. Gidan wannan ma'ana a Hausa shi ne fada da fagen fama. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun gina yabon sarakunansu a kan sarkin da ke karya lagon mahassada, ya tarwatsa shirinsu. Mai addu'a kuma cewa yake Allah ya watsa aniyarsu, ko aniyarsu ta bi su.

Ma'ana ta huɗu ita ce ba mai zato kunya. Yaron da aka yanke wa ƙauna ya zo na ɗaya, ƙungiyar da aka raina ta ɗauki kofi. Baturen jarida zai ce sun yi wa masu suka confound. Bahaushe zai ce sun ba maraɗa kunya. Wanda ya fassara wannan da "sun ruɗa masu suka" ya zubar da daɗin maganar, domin masu sukar ba su ruɗe ba, sun gane sarai, ganewar ce ma ta hana su ɗaga kai.

Ma'ana ta biyar, tsinuwar dattijon Bature da ba ya son ashar ya fita bakinsa, tana tsakanin "tir" da "Allah wadai". Daga ma'ana ta uku ta gangaro, ta yi laushi saboda yawan amfani, kamar yadda "Allah wadaran naka ya lalace" ta zama abin da ake faɗa ana dariya.

Nahawun alhaki

Ko da mun tsaya a kan tushe guda, ruɗ-, Hausa ba ta barin mu cikin duhu. Tun 1960 F. W. Parsons ya tsara aikatan Hausa aji bakwai, kuma wannan tushe kyakkyawan misali ne na abin da azuzuwan ke yi. "Lissafi ya ruɗa Audu" aji na ɗaya ne: tunaninsa ya rikice, kuma ba lallai a sami mai laifi ba. "Dillali ya ruɗi Audu" aji na biyu ne: yaudara ce, da mai yi, da niyya, da ribar da ya ci. "Audu ya ruɗe" aji na huɗu ne: halin da ya shiga kawai muke gani. "Audu ya ruɗu" aji na bakwai ne, kuma a nan wani yanki na laifin ya dawo kansa, domin ba a ruɗuwa sai da abin da rai ke so. Wasali ɗaya a ƙarshen kalma ya ishe mu sanin wanda za a kai gaban alƙali, da wanda za a yi wa jaje, da wanda za a yi wa faɗa.

Akwai wuri guda da rubutu ke cin amanar wannan tsari. Idan karɓau wakilin suna ne, aji na biyu da aji na huɗu kan zo da haruffa iri ɗaya: "ya ruɗe shi". A baki ba a haɗa su, domin karin sauti ya raba. In murya ta faro ƙasa ta hau, yaudararsa aka yi. In ta faro sama ta sauka, rikita shi aka yi sarai. Amma boko ba ya nuna karin sauti, ajami ma haka. Saboda haka marubuci ke ɗauke da nauyin da mai magana ba ya ɗauke da shi: dole jimlolin da ke kewaye su gaya wa mai karatu muryar da zai karanta kalmar da ita. Gwanintar magabatanmu a nan take, kuma ayyukansu za mu duba yanzu.

Yadda adabi ya riƙe bambancin

Waƙoƙin wa'azi, tun daga zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Nana Asma'u har zuwa Aliyu Namangi, suna da babbar mai laifi guda, duniya. Malamai sun daɗe suna fassara kalmar Larabci gurur da "ruɗi", kuma a waƙa duniya takan fito a siffar tsohuwar da ta ci ado don ta ja hankalin marar wayo. Karin magana ma ta ce duniya budurwar wawa. Abin lura shi ne wa'azi yana tafiya da ƙafa biyu, aji na biyu da aji na bakwai. Duniya tana ruɗi, ɗan Adam yana ruɗuwa. Da mawaƙi ya ce mutum ruɗewa ya yi, da wa'azin ya rushe, domin wanda ya ruɗe uzuri gare shi, ba a kiran sa ga tuba. Ilahirin hukuncin waƙar yana rataye ne a kan wasalin ƙarshe.

Gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933 ta haifar da littattafan da suka ɗauki wannan gado suka kai shi wani fage. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta ruɗin juna daga gari zuwa gari, yau wannan ya yi nasara gobe wancan ya rama. Abin da ya sa mai karatu ke dariya ba ya jin haushi shi ne Imam bai taɓa ɓoye masa hannun da ke juya muciya ba. Muna sane da wanda ya ƙulla, muna kallon wanda aka ƙulla wa yana ruɗewa, kuma tazarar da ke tsakanin saninmu da rashin saninsa ita ce ban dariyar. Wannan gadon Gizo ne: a tatsuniya ba a taɓa cewa rikici ya auku tsakanin dabbobi a yi shiru, sai an ce Gizo ne.

A Magana Jari Ce, wanda aka buga cikin littattafai uku a ƙarshen shekarun 1930, Imam ya ɗaga tambayar sama. Waziri yana ƙulla makirci don a halaka Musa ɗan sarki, aku kuma yana riƙe Musa da labarai dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarko. A zahiri duka biyun dabarar baki suke yi wa yaro ɗaya. Littafin ya raba su da niyya da kuma sakamako: ɗaya yana ruɗi don ya kashe, ɗaya yana shagaltarwa don ya raya, kuma a ƙarshe akun ne ya sami wazirci. Wanda ya taƙaita labarin da cewa an shiga ruɗani a fada ya daidaita maci amana da mai riƙon amana, ya kuma kashe littafin.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fi kowanne nuna iyakar da ke tsakanin masifar da mutum ya jawo da wadda ta sauko daga sama. Makau, mijin uwar Umar, hassadar 'yan'uwansa fadawa ce ta raba shi da gari. Uwar kuwa, da ta bazama neman ɗanta, wanda ta amince wa ya kai ta shi ya jefa ta cikin bauta. Waɗannan ruɗi ne, da masu yi. Guguwar rairayin da ta halaka ayari a Sahara ta bar Umar shi kaɗai kuwa ba ta da niyya, gigita take yi, ba ta ruɗin kowa. Natsuwar da Shaihu Umar ke ba da labarinsa da ita, wadda wasu manazarta ke gani kamar sanyin jiki game da bauta, ba ta hana littafin nuna mana cewa guguwa ƙaddara ce, cin amana kuwa aikin mutum ne. Mai karatu yana yafe wa hamada, ba ya yafe wa mayaudari.

Jiki Magayi na John Tafida da East shi ne inda ma'ana ta farko da ta uku suka gamu a mummunar mahaɗa. Abubakar, da attajiri Malam Shehu ya raba shi da Zainabu, ya nemi asirin da zai lalata ɗan da za su haifa. Kyauta ya tashi ɓarawo, ya kuma kashe mahaifinsa bai san shi ba ne. Kasa ganewa ta zama halaka. Amma littafin bai bar mu mu ce tsautsayi ne kawai ba. Ya bi sawun makantar Kyauta har zuwa ga mutumin da ya sayo ta, ya bi ƙullin wannan mutum har zuwa ga dukiyar da aka yi amfani da ita aka ƙwace masa masoyiya. Sarƙar alhaki ce, kowace zobe da sunan mai ita.

Sunan da ba shi da aikau

"Ruɗani" kalmar Hausa ce tsantsa, ba a aro ta ba, kuma tana da muhallinta. Matsalar ita ce yadda ta zama mafakar mai fassarar gaggawa. Ingilishin jarida yana son sunaye marasa aikau, mai mayar da shi Hausa kuma yana da minti kaɗan, sai "an shiga ruɗani" ta zama rigar da ake sa wa kowane labari. Daga rediyo ta shiga ƙagaggun labarai, inda za ka ga tauraruwa "cikin ruɗani" a shafi bayan shafi, ba ka san ko tsoro ne, ko yaudara, ko kunya, ko zuciya biyu ba.

Ƙasar Rano ta ba mu misalin abin da ake asara. Rano tana cikin Hausa Bakwai, sarkinta ake wa kirari da Autan Bawo, kuma Tarihin Kano ya ambaci karon Sarki Yaji da Sarkin Rano tun ƙarni na 14. Ta daɗe a ƙarƙashin Kano. A watan Mayun 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar da ta kafa sababbin masarautu huɗu, Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano, aka ba Rano ƙananan hukumomi 10, ciki har da Kibiya. A watan Nuwamba na shekarar wata babbar kotun jiha ta soke dokar. A watan Disamba majalisa ta sake yin wata. Ranar 23 ga Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautun. A watan Yuli na shekarar aka sake kafa Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi 3: Rano da Bunkure da Kibiya.

A dubi wannan daga zauren wani dagaci a ƙasar Kibiya. Cikin shekara biyar da 'yan watanni, amsar tambayar "ina za ka kai gaisuwa?" ta sauya masa sau biyar. In ya ce kansa ya ɗaure, gaskiya ya faɗa. Amma marubucin da ya zo ya rubuta cewa "ruɗani ya dabaibaye sarautar Rano" ya mayar da abin kamar hazo ko guguwar hamada, alhali kowane sauyi yana da rana, da majalisar da ta zauna, da alƙalin da ya yanke, da alƙalamin da ya sa hannu. Wannan nazari ba ya yanke hukuncin wane ɓangare ke da gaskiya, ba aikinsa ba ne. Abin da yake cewa shi ne kowane ɓangare yana da aikatau ɗin da yake nufi. Masu goyon bayan dokar 2019 za su ce an maido wa Rano haƙƙin da ta rasa, daga baya aka ƙwace. Masu adawa da ita za su ce an wargaza tsohuwar masarauta don a karya sarki guda, daga baya aka gyara. Duka jimlolin biyu suna da aikau da karɓau, ana iya auna su, a yarda ko a musa. "Ruɗani" kuwa ba a musa ta, domin ba ta ce komai ba. Marubucin da zai rubuta labarin waɗannan shekaru wata rana, in ya tsaya a kanta, ya bar talakan Kibiya da ciwon kai ya kuma hana shi sanin inda ciwon ya fito.

Abin da za a iya cewa a kan wannan hujja

Mai ja zai ce adabi ba kotu ba ne, kuma harshen damo yana daga cikin kayan aikin mawaƙi. Gaskiya ne. Kalmar "kibiya" kanta tana nufin abin harbi, tana nufin tsinken da mai kitso ke tsaga gashi da shi, tana kuma nufin gari, kuma mawaƙin da ya iya zai sa ukun su yi aiki a ɗango ɗaya. Haka Shekspiya ya ci ribar tarin ma'anonin confound, inda kalma guda ke rikita mutum tana kuma halaka shi. Sai dai akwai bambanci tsakanin kalmar da ke faɗar abu biyu da kalmar da ke guje wa faɗar ko ɗaya. Ta farko ƙarin nauyi ce a kan mai karatu, ta biyu sauke nauyi ce daga kan marubuci. Wanda ya rubuta "ya ruɗe ta" da gangan, ya gina labarinsa yadda za a iya karanta ta da murya biyu, saurayin ya yaudare ta kuma ya rikita ta, ya yi fasaha. Wanda ya rubuta "ta shiga ruɗani" don bai tsaya ya tambayi kansa abin da ya same ta ba, ya yi ƙwauro.

Mai ja zai ƙara da cewa akwai lokacin da babu mai laifi, ko aka kasa gano shi. Wannan ma gaskiya ne, kuma don irinsa Hausa ta tanadi "ruɗe" da "rikice" da "makuwa". Kasuwa takan ruɗe don an ji ƙara, ba wanda ya shirya. Abin da ake nema ga marubuci shi ne ya zaɓi kalmar rashin aikau bayan ya nemi aikau ɗin ya tabbata babu, kamar yadda Tafawa Ɓalewa ya ware guguwa daga mayaudari.

Kammalawa

Bibiyar aikatau ɗaya na baƙon harshe ta kai mu ga wata dukiya ta namu harshen. Ƙamusoshi, daga na Bargery na 1934 zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, sun adana kalmomin, amma ƙamus rumbu ne, ba ya dafa wa kowa abinci. Mai fassara da ya gamu da confound yana da tambayoyi uku kafin ya ɗora alƙalami: an gauraya ne, an ɗaure kai ne, ko an karya? Akwai mai yi? Wanda aka yi wa yana da hannu a ciki? Mai ƙaga labari da manazarcinsa su ma waɗannan tambayoyi ne a gabansu, ko da ba su taɓa buɗe littafin Ingilishi ba. Mawaƙan wa'azi da Imam da Tafawa Ɓalewa da Tafida sun amsa su a kowane shafi, shi ya sa har yau muke iya faɗar wanda ya cuci wani a labaransu. Ma'aunin da ya kamata a ɗora rubutun zamaninmu a kai ke nan: idan an gama karanta shi, a iya cewa wa ya ruɗi wa.